Jitar da Na Sassaƙa wa Yaya

Ni kafinta ne. Ƙofa nake yi, da gado, da kantar shago, wani lokaci da bencin makaranta in aikin ya samu. Ban taɓa yin abin kiɗa ba, kuma ban iya kiɗa ba. Wanda ya iya a gidanmu shi ne Yaya, wana, da ya girme ni da shekara tara. A kamfanin yankan kwanon rufi yake aiki, ranakun hutu kuma shi da abokansa huɗu suna kiɗa a wuraren taro. Jitarsa ja ce mai lantarki, kuma ko ni bai taɓa bari na ɗauke ta ba.

Bara injin yankan kwano ya cire masa yatsu biyu na hannun hagu, na tsakiya da mai bi masa. Hannun hagu kuwa shi ke danna tsirkiya. Ciwon ya warke cikin wata biyu. Kamfanin suka mayar da shi bakin ƙofa, yana rubuta lambar motocin da ke shiga da fita. Jitar kuma ya sayar, bai shawarci kowa ba.

Wata rana na je gyara musu ƙafar tebur, Yaya ba ya nan, matarsa ta tsayar da ni a tsakar gida. Tela ce, keken ɗinkinta na nan a baranda. Sanyi take ce min, kamar kowa a gidan, wai komai nawa a hankali nake yi.

Ta ce, "Sanyi, yayanka fa ba lafiya ba."

Na ce, "Hannun ne?"

"Hannu ya warke. Wata bakwai ke nan in an sa waƙa a rediyo sai ya kashe. Abokan kiɗansa sun zo sau biyu, ya ce in ce yana barci. In ya dawo aiki zama yake yi yana kallon bango. Ko faɗa ya daina yi da ni."

"To ai kin huta."

"Ban huta ba. Mutumin da ko gishiri ya yi yawa sai ya yi wa'azi a kai. Yanzu ko takalmi na dafa masa ci zai yi."

Ta yi maganar tana dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Na gama ƙafar tebur na tafi. A hanya nake ta lissafi. Hannun damansa lafiya lau, yatsu biyar cif. In aka juya jita, wuyanta ya koma dama, sai ya danna da mai lafiyar, ya kaɗa da mai yatsu uku. Sayen irin wannan ya fi ƙarfina, ban ma taɓa ganinta a kasuwa ba. Amma jita ai katako ce da waya. Katako sana'ata ce. Waya kuma akwai Baba mai rediyo, wanda shagonsa ke jikin namu.

Na gaya wa Baba. Ya ɗago tabaronsa ya dube ni.

"Kafinta, ka taɓa buɗe cikinta ka gani?"

"A'a."

"Ni ma haka. Amma na san abin da ke ciki. Maganaɗisu ne, a naɗa masa siririyar wayar tagulla, a ajiye shi ƙarƙashin tsirkiya. In tsirkiya ta girgiza, wayar ta ji, ta kai wa sifika. Kunne ne dai kawai. Kai ka yi jikin, ni zan yi kunnen."

Awo ne matsalata. Ban so in tambayi abokan Yaya, don ba su riƙe magana. Sai matar Yaya ta ciro min babban hotonsa daga bango, wanda yake tsaye da jan jitar a ƙirjinsa, ta ce ba zai lura ba, ya daina kallon wajen. Na shimfiɗa hoton a teburin aiki. Na san tsawon hannun Yaya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, don ɗaya ne da nawa. Da wannan na fitar da sauran awon: faɗin jiki, tsawon wuya, inda tsirkiya ta fara da inda ta ƙare.

Akwai 'yan ƙarafan nan da ake gittawa a wuyan jita, inda ake danna yatsa. Ni matakai nake ce musu, don sun yi min kama da na tsani. Na ƙirga a hoton, ashirin da ɗaya. Na lura na can sama suna da faɗi, na kusa da jiki kuma sun matse. Na jima ina kallo, sai na gane dalili, ko in ce na zaci na gane. In ka tsaya a titi ka hango falwayoyi, ai na nesa matsewa suke yi, alhali tazararsu ɗaya. Na ce hoto ne ya yi haka. Babu mai aikin kirki da zai jera abu ashirin da ɗaya, wani da faɗi wani a matse. Ogana kan ce in ka ga tsani mai matakai ba daidai ba, ka nemi wanda ya yi shi ka karɓe masa zarto. Saboda haka na raba tsawon wuyan gida-gida daidai, na auna sau uku.

Jikin da wata tsohuwar ƙofa na yi shi, wadda muka cire a wani gida da ake rushewa. Katako ne mai nauyi, ya shekara fiye da ni, ya gama duk wani lanƙwasar da zai yi. Na yanke, na fafe gurbin kunne da cizal, na goge da samfefa har sai da ya zama in ka shafa kamar kumatun jariri. Wuyan kuma da ƙafar wani gado. Matakan na yanko daga sifok ɗin keke, na tsaga musu gurbi da ƙaramin zarto, na buga su a hankali, na bi kowanne da fayil. Maɗauran da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya na samo su a jikin wata karyayyar jita wurin masu kayan gwangwan. Tsirkiya kaɗai na saya sabuwa. Duk wannan bayan an tashi aiki nake yi, kafin rana ta faɗi, sai ya ɗauke ni wata biyu da 'yan kwanaki.

Naɗin wayar ne ya so ya gagare mu. Baba ya ciro ta daga wata matacciyar rediyo, siririya kamar gashi. Ya ce sai an yi naɗi dubbai. Muka fara da hannu, kafin mu kai ɗari uku ta tsinke sau biyu, Baba ya fara zagin wayar da wanda ya ƙera ta. Da na ba matar Yaya labari, sai ta ce mu kawo. Ta ɗaure maganaɗisun a jikin wilin kekenta, ita tana taka feda a hankali, Baba na zaune a ƙasa yana sakin wayar tsakanin yatsunsa. Safiya uku suka yi, bayan Yaya ya fita aiki.

Baba yana cewa, "'Yata, rage gudu, ba zanen amarya kike ɗinkawa ba."

Ita kuma ta ce, "Baba, in na rage fiye da haka ai na zama Sanyi."

Da naɗin ya cika, Baba ya tsoma shi a narkakken kyandir don kada wayar ta motsa, ya ɗiga dalma, ya haɗa da wani ƙaramin akwatin sifika da ya harhaɗa. Ranar da muka fara gwadawa, muna kunnawa sai akwatin ya kama gurnani kamar an shigo da janareto shagon. In na taɓa tsirkiya, gurnanin na nan. In Baba ya taɓa bakin wayar, sai gurnanin ya ɗauke. Baba ya yi tsaki ya ce ya manta, ya jawo wata 'yar waya daga kunnen ya maƙala ta ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiya. Daga nan in hannunka na kan tsirkiya, shiru kake ji. Na kaɗa guda ɗaya. Ƙarar ta fito ta daɗe ba ta mutu ba, har mai shayin tsallake ya waigo.

Sauran mako guda na yi shi a kan saukar da tsirkiya. Na tuna Yaya yana cewa jita mai kyau ba ta wahalar da yatsa. Hannun damansa bai saba dannawa ba, don haka na so ta yi laushi. Na riƙa rage ƙarfen gindi da fayil, ina gwadawa da tsinken ashana, har tazarar tsirkiya da matakai ta zama kaurin ashana ɗaya, ba ta kuma taɓa ko'ina. Na jera tsirkiyoyin a juye, yadda za su dace da mai riƙewa ta ɗaya ɓangaren. Na shafa banish. Ban yi mata fenti ja ba, na bar ta da launin katakonta.

Ranar hutu da hantsi na kai ta, a naɗe cikin zanen gado, akwatin sifika a ɗaya hannun. Yaya na zaune a falo. Na gaishe shi, na kwance zanen, na jingina ta da kujera. Ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Juya ta na yi, Yaya. Ka danna da dama."

"Shekarata nawa kake tsammani? In koma koyon abin da na iya tun kana tsumma? Ɗauke ta."

Bai ɗaga murya ba, shi ya sa ma abin ya fi min ciwo. Na tsaya ban san abin yi ba. Matarsa ce ta fito daga ɗaki, ta sa wayar a soket, ta ce min tunda na ɗauko ta daga nesa, ai ko ita ta ji muryarta. Na zauna na ɗora ta a cinya. Na danna matakin farko na kaɗa, na danna na biyu, na uku, ina gangarowa. A kunnena dai ƙara ce, tana ta hawa. A na biyar na ga kafaɗar Yaya ta motsa. A na bakwai ya juyo.

"Sake."

Na sake.

"Kai, wannan wane irin kuka ne? Kawo ta nan."

Bai karɓa ba, leƙowa ya yi. Ya bi wuyan da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi. Sai ya tambaye ni da me na auna matakan. Na ce da tef, sau uku, ko gashi babu tsakaninsu. Na ba shi labarin hoton da falwayoyin titi.

Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti da farko, ciki kawai ke rawa. Daga baya ta ƙwace masa har da tari. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana kallonsa, ba ta ko ƙifta ido.

Ya ce, "Wato duk masu ƙera jita na duniya ba su iya awo ba, sai da Allah ya kawo Sanyi ya gyara musu."

"To ai a matse suke, Yaya."

"Haka ake so. In ka danna, tsirkiya gajarcewa take yi. In ta gajarce, taki na gaba ma dole ya gajarce. Tsani ka yi min, ba jita ba. Wannan ko aljani ba zai fitar da waƙa a kanta ba."

Kunya ta kama ni, wata biyu na aiki. Na fara naɗe ta a zanen. Na ce zan cire matakan in sake, in zai faɗa min awon.

"Ba a kaina yake ba. A kunne yake." Ya koma ya jingina, fuskarsa ta fara komawa yadda take. Can ya ce, "Cire su dai. Kar ka tsaga komai sai na gani. Kar ka ƙara ɓata katakon mutane."

Na cire matakan da filaya, na fere saman wuyan, na manna sabon siririn katako da gam, na goge shi sumul, na mayar da tsirkiya. Kwana huɗu ban ga Yaya ba. Na fara cewa a raina ya faɗa ne kawai don in tafi. A na biyar, da yamma ana shirin rufe shago, sai ga shi da rigar aikinsa. Ya gaisa da Oga, ya gaisa da Baba, ya ce ina gawar take.

Na kwantar da ita a teburin aiki, Baba ya kawo akwatin sifika. Yaya ya tsaya a kanta, ya murɗa maɗauran yana saurare har ta daidaita. Ya ce in ba shi wani ƙarfe mai santsi, in kuma riƙe fensir. Na miƙa masa doguwar sukudirebar Oga. Ya ce zai kwantar da ƙarfen a kan tsirkiya ya riƙa ja, duk inda murya ta faɗa daidai zai ce nan, ni kuma in ja layi.

Na lura da yadda ya tsaya. Kan jitar ya juya hagunsa, kamar yadda ya saba shekara ashirin. Ya kaɗa da dama. Sukudirebar kuma hannun hagu ne ya ɗauka, babban yatsa da manuni suka riƙe, ƙaramin yana bin tsirkiya a baya. Tunda aka sallamo shi daga asibiti ban ga ya riƙe wani abu da hannun a gaban mutane ba.

Ya fara da tsakiya. "Nan. Rabin tsirkiya ke nan, ja layi mai kauri." Na ja. Ya koma sama. Ya ja ƙarfen a hankali, muryar tana hawa kamar mai tambaya, ta tsaya. "Nan." Na ja. "A'a, goge, ka motsa teburin." Na goge. "Nan."

Mun yi layi goma haka. Na ga da idona yadda suke matsewa, ba kuma hoto ba ne. Ina jiran na gaba, fensir a hannu, sai na ji bai ce nan ba. Ya ja ƙarfen daga layi na uku zuwa na biyar, ya dawo. Ya sake, ya ɗan girgiza hannun a ƙarshe, muryar ta yi rawa kamar ta mace mai rera waƙa. Ya tsallaka tsirkiya ta biyu. Na buɗe baki zan tambaya ko in ja layi, Baba ya taka min ƙafa.

Wata waƙa ce da Inna kan yi in tana wanki, muna yara. Bai same ta daidai ba. Ya kuskure wuri ɗaya sau uku, kowane karo sai ya yi tsaki ya koma farko. Ƙarfen yana ƙwanƙwasar katako in ya danna da yawa. Oga da ya riga ya ɗauko kwaɗon rufe shago ya zauna a kan wani gadon da ba mu gama ba, ya ajiye kwaɗon a gefe.

Da ya tsaya, bai dubi kowa ba. Ya juya hannun yana kallon inda ƙarfen ya yi masa shaida a yatsa.

Na ce, "Saura layi goma sha ɗaya, Yaya. In mun gama gobe zan tsaga."

"Kar ka tsaga."

"Matakan fa?"

"Ba na so. Mu ƙarasa layukan, ka bi su da banish yadda ba za su goge ba, ido kawai suke wa aiki. Sannan wa ya ce ka kwantar da tsirkiya haka? Ƙarfe na bugun katako. Ɗaga min ita."

"Mako guda na yi ina saukar da ita."

"To ka yi mako guda kana ɗagawa. Kaurin fensir nake so. Kuma ka mayar min da tsirkiyoyin nan yadda kowa ke sa su, kauri na wajena. Ka juya min komai kamar mai kallon madubi."

Baba ya ce, "Kunnen fa, maigida? Ka ji wani aibu a kunnen?"

Yaya ya ɗan yi tunani. "Kunnen ba laifi."

"To ka gode wa matarka, ita ta naɗa shi da kekenta."

Yaya ya daɗe yana kallon ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiyar, da kyandir a jikinsa.

Ɗagawar ba ta kai mako ba, kwana biyu na yi. Na sassaƙa wa tsirkiya sabon matashin da za ta hau da ƙashi mai tauri na sa a kan wuyan, na ƙara wa ƙarfen gindi tsawo. Na yanko masa guntun bututun ƙarfe na goge shi, don sukudireba ta yi tsawo, Oga ma yana son abarsa. Yaya ya gwada bututu uku kafin ya yarda da ɗaya, shi ma ya ce bakinsa na da kaifi, sai da na sake bi. A cinya yake kwantar da ita yanzu, yana zaune.

Bai koma wurin abokansa ba tukuna. Ya ce ba zai fita gaban mutane da abin da bai nuna ba. Amma mai gangarsu ya zo ranar hutun da ta wuce, kuma ba a ce masa ana barci ba.

Jiya na biya ta gidan da rana. Tun daga bakin layi nake jin abu ɗaya ana maimaitawa, murya huɗu, a koma, murya huɗu, a koma. Matar Yaya na baranda tana ɗinki, ta tura auduga a kunne ɗaya.

Ta ce, "Sanyi, ka ga abin da ka jawo min. Tun safe. Maƙwabta sun aiko sau biyu. Jiya kuma ya ce miyata ta yi ruwa, ya yi kusan rabin awa yana bayani."

Na ce, "To in ɗauke ta in mayar shago?"

Ta zare audugar ta dube ni. "Taɓa ta ka gani."

Daga ciki kiɗan ya tsaya. Yaya ya ce, "Sanyi ne? Shigo. Maɗauri na uku yana sakin tsirkiya, tun jiya nake nemanka. Ka zo da filaya?"

Ban zo da ita ba, sai da na koma shago na ɗauko.